Ƙaramin Kwanon Alhaji Ilya

Har in bar aikin nan ba zan manta da wata ranar Laraba ba, ranar da Dokta ya ɗora yatsa a kan sa hannuna ya tambaye ni ko na tabbata da abin da na rubuta. Na ce na tabbata, har da ɗaga murya. Ku da kuka fara aiki bana ku saurara da kyau, don ni lokacin ba sabuwar hannu ba ce. Ina cikin shekara ta goma sha ɗaya a aikin jinya, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba.

A lokacin ina wani ƙaramin asibiti a yankin Malbaza. Majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, shi ke riƙe da gidan kullum. Babban likita kuwa, wato Dokta, daga Ƙonni yake zuwa kowace Laraba, ya duba waɗanda suka fi ƙarfinmu, ya koma da la'asar. Ni ɓangaren abinci nake: awon yara masu tamowa, koya wa uwaye haɗa kunu da gyaɗa da wake, bin su har ƙauye idan sun daina zuwa. Shekara goma ina koyon yadda ake sa wa mutum nama a jiki. Ban taɓa samun wanda aka ce in taya shi cin kaɗan amma ya ci daidai ba, sai da aka kawo mini Alhaji Ilya.

Alhaji Ilya mutumin Tajaye ne, amma a Malbaza ya yi arziki. Yana da manyan motocin dakon siminti, da direbobi da makanikai da ke cin abinci a ƙarƙashinsa. Ƙiba ta yi masa yawa har ta kai a zaune yake salla, ga hawan jini, ga ciwon sukari. Likitoci suka ba shi shawara, ya tafi wata ƙasar waje aka yi masa aikin rage tumbi. Ga wanda bai sani ba, ana yanke babban ɓangaren tumbin ne a bar ɗan kaɗan, yadda abin da zai ɗauka a zama guda bai wuce cikin kofin shayi ba. Ya dawo da takardu cike da jaka, da umarnin a samu wanda zai riƙa bin abincinsa a gida. Majo ya karanta, ya turo mini takardun ya ce, "Madam Zali, wanga naki na. Abinci ne, ke kin san shi."

Na zauna na karanta su tsaf. Makonnin farko ruwa-ruwa ne kawai, sai abin da aka markaɗa, sai mai laushi, kafin a koma abinci sosai. Daga nan dokar ba ta da wuya a faɗa. Tunda wurin ƙarami ne, abin da ya fi amfani shi ke fara shiga: ƙwai ko kifi ko nama ko wake, sai dafaffen ganye da kayan lambu, tuwo da shinkafa su zo ƙarshe idan akwai sauran wuri. A tauna sosai, kar a sha ruwa a kan abinci. Sannan akwai ƙwayoyin ƙarin jini da na bitamin da zai riƙa sha kullum, don tumbin da aka rage ba ya iya tsotse abin da jiki ke buƙata kamar da.

Na zana takarda mai layi-layi ta kowane mako. Kowace Litinin sai Alhaji ya zo da matarsa, Hajiya Rakiya, in auna shi, in yi tambayoyi, in sa alama. Duk tambayar da ta shafi abinci, sai ya nuna ta da haɓa ya ce, "Tambayi Hajiya, ɗiyata, ita ta san tukunya." Hajiya kuwa ɗaliba ce da kowane malami zai so. Lokacin rani ne, kayan lambu sun cika kasuwa. Takan tafasa zogale ko alayyahu har ya yi lugub, ta haɗa da kabewa da karoti, ta fasa ƙwai ko ta marmasa kifi a ciki, ta zuba a wani ƙaramin kwano mai murfi da ta ware masa shi kaɗai. Har kawo mini ta yi na ɗanɗana, na kuma yaba.

"Yana ci?" in tambaye ta.

"Tas, Madam. Kwano shina dawowa awa an wanke."

"Ƙwaya fa?"

"Da hannuna nike ba shi kowace sahiya."

Sai in sa alama, in sa hannu. Haka muka yi wata uku.

Da farko komai ya tafi daidai. Jiki ya sauka, sukari ya kwanta, Alhaji ya fara salla a tsaye, har da hawayensa ranar da ya ba ni labari. Amma a wata na huɗu sai na ga tafin hannunsa ya yi fari, cikin idonsa ma haka. Yana tashi tsaye jiri ya ɗebe shi. Daga ƙofar asibiti zuwa kujerata sai ya huta. Muka ɗebi jininsa muka aika Ƙonni awo, sakamako ya dawo jini ya yi ƙasa. Bayan mako uku muka sake, ya ƙara sauka.

Wannan ita ce Larabar da na fara ba ku labari. Dokta ya shimfiɗa takardata a kan tebur kusa da sakamakon awon, ya dubi wannan ya dubi waccan. Mutum ne marar yawan magana, kuma ba ya son a yi masa zagaye-zagaye. Ya ce idan mutum yana cin abin da na rubuta, yana shan ƙwayarsa kullum, jini kuma yana ta sauka, to akwai inda yake zuba a ciki, ko ɗinkin ya samu matsala. Ya ɗora yatsa a kan sa hannuna ya ce, "Madam, kin tabbata da wannan?"

Raina ya ɓaci. A gaban majo, a gaban marar lafiya, a tambaye ni ko na tabbata da aikina? Na ce, "Dokta, ban taɓa sa hannu kan abin da ban bincika ba."

Ya ce to shi ke nan. Ya rubuta takardar tura Alhaji Yamai ranar Litinin mai zuwa, a zura masa na'ura ta maƙogwaro a duba, idan an ga wani abu a sake buɗe shi. Ina kallon Alhaji lokacin da ya ji kalmar buɗewa. Ya ce a hankali, "Dokta, a sake yanka ni?" Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska. Na tausaya musu ƙwarai, amma ko kaɗan ban kawo a raina cewa alƙalamina ne ke tura shi ba.

Washegari Alhamis da hantsi wani dattijon direba ya zo, igiyar tantin rufe kayan mota ta yanke shi a hannu. Baba Habu ake ce masa, mutumin Alela, ya fi shekara ashirin yana jan motar Alhaji. Mai wankin ciwo ba ta nan, sai na karɓa. Ina naɗa masa bandeji ina yi masa faɗan da na saba yi wa direbobi, cewa ciwo ba ya saurin warkewa a jikin da bai san komai ba sai shayi da burodi da tsire.

Ya yi dariya ya ce, "A'a, Madam, wanga zance ya tsufa. Mu yanzu kullum sai mun ci ganye."

"A ina?"

"Rumhwar maigida mana. Tun da yad dawo daga waje Hajiya ta hiddo wani ɗan kwano, zogale da kabewa da ƙwai, ga laushi ga daɗi. Loma guda-guda muka samu, har rige-rige akai."

Na tsaya da naɗin. Na ce, "Shi Alhajin fa?"

"Shi? Ai kahin kwanon ya zaka ya riga ya ƙoshi. Loma ukku ta tuwo ya tsame hannu. Ciki nai ya zan na tsuntsu, Allah sarki."

Wallahi sai na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Na ƙarasa ɗaurin ban san yadda na yi ba. Na shiga wurin majo na ce ya ba ni izinin fita da azahar, zan je auna jinin Alhaji Ilya a gida. Ya dube ni ya ce ba ranar awo ba ce. Na ce na sani.

Gidan yana bakin hanya, da babbar rumfar kwano a ƙofa inda motoci ke tsayawa. Na isa ana sallame salla. Mace ba ta zama cikin maza a kan abinci, don haka aka ajiye mini kujera a gefe, na rungume jakar awona na ce zan jira su gama. Mutum goma sha wani abu ne a kan tabarmi: direbobi, makanikai, wani malami, da baƙi biyu da suka sauka daga Illela. Aka fito da babban faranti na tuwo da miyar kuka. Babu wanda ya miƙa hannu sai da Alhaji ya ce bismilla ya yanki lomar farko, don shi ne maigida. Ya yi ta biyu, ya yi ta uku, ya tsame hannu ya jingina da bango yana numfashi.

Can sai ga ƙaramin kwanon nan da na sani, mai murfi, an ajiye a gabansa. Ya buɗe, tururi ya tashi, ya tura shi tsakiyar tabarma ya ce, "Ku taɓa, ku taɓa." Kafin in ƙifta ido sau biyu an suɗe shi, wani makanike har da lashe yatsa. Aka mayar da murfi, aka shigar da kwano cikin gida wurin Hajiya, tas kamar an wanke.

Ban yi magana a gaban mutanensa ba. Na bari aka watse, na ce ina son in auna shi a ciki. Muka shiga falo, Hajiya ta zo ta zauna a bakin ƙofa. Ban ko buɗe jakar ba na ce, "Alhaji, yaushe rabonka da cin abin da ke cikin ƙaramin kwanon nan?"

Ya ce, "Nakan taɓa wani bi."

"Yau ban ga ka taɓa ba."

Hajiya ta dafe ƙirji. "Alhaji! Wata ukku ina tsaye bisa murhu!"

Ya ce, "Ɗiyata, ki gane. In aje kwano gabana in ci ni ɗai, mutane na kallo? Mutanen da ka kwana bisa hanya saboda ni? Ubana a Tajaye, shekarar da hatsi ya ƙare, ko dusa ad da shi sai ya hiddo ta waje. Ban iya wanga abu ba."

Na ce, "To ƙwayar fa?"

Nan ya sunkuyar da kai. Ya ce Hajiya ta ɗan ba mu wuri, ta ce babu inda za ta. Da ƙyar ya faɗa. Ƙwayar ƙarin jini tana ɗaure masa ciki, sai ya yi kwana huɗu, biyar, bai zaga ba, yana shan azaba shi kaɗai. Sai ya riƙa karɓa daga hannun Hajiya, ya fita, ya jefa a aljihun mota. Ya fi wata biyu bai haɗiyi ko ɗaya ba. Ya ce, "Ke sa'ar ɗiyata ta. Ƙaƙa zan dube ki in yi miki zancen bayan gida?"

Sai komai ya fito mini fili. Tuwo ya cika ɗan wurin, ganyen da zai sassauta ciki ya tafi cikin direbobi, ciki ya ɗaure, ƙwaya ta ƙara ɗaure shi, ya bar ƙwaya, jini ya sauka. Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, amma kunyar kaina ta fi duka. Ni 'yar ƙasar nan ce, a gidanmu ma haka ake: maza a waje, mata a ciki. Na san sarai mai dafawa ba ta ganin mai ci. Amma na yi wata uku ina tambayar Hajiya abin da ba ta da hanyar sani, ina sa hannu.

Na ce masa maganin mai sauƙi ne: ya riƙa cin nasa a cikin gida kafin ya fita rumfa. Ya girgiza kai tun ban rufe baki ba. Ya ce tun da ya rame ake ta raɗe-raɗin wata muguwar cuta ce yake ɓoyewa. Ranar da aka daina ganin hannunsa a faranti, ranar za a ce ya kwanta, direbobi su fara neman wani ubangida. Kuma idan ya ci a ciki ya ƙoshi, da wane ciki zai yanki lomar farko? Na fara ɗaga murya, ina ce masa ya zaɓa tsakanin rumfa da wuƙar likita. Ni dai da na hau faɗa ba na jin kira.

Hajiya ce ta tsayar da mu. Ta ce, "Madam, ki bar shi. Shekara talatin ina yi mishi tuwo ban taɓa ganin loma ta shiga bakinai ba, kuma ba yau za ya sake ba. Laihin ƙaramin kwano na. Daga gobe babu shi."

Na ce, "Hajiya, ai shi ne maganin."

Ta ce, "Hwaranti zan yi. Babba, na kowa da kowa, ganye da wake da ƙwai. Shi za ya hwara hita. Tuwo ko sai na ga dama in sake shi. In lomar hwarko yaka so, ga lomar hwarko nan."

Alhaji ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Zogale da tsada yanzu." Ta ce ya sayar da tayar mota guda.

Da na koma asibiti na faɗa wa majo komai, sannan na kira Dokta a waya. Ban taɓa yin kiran da ya yi mini nauyi kamar wannan ba. Na ce, "Dokta, takardar da na ce na tabbata da ita, ba daidai ba ce. Bai ci ba, bai sha ba." Na jira faɗa. Sai kawai ya tambaye ni yadda na gano. Da na gama ya ce zai ɗage tafiya Yamai mako uku, ba don ya yarda babu komai a ciki ba, sai don yanzu akwai wani dalili da za a gwada. Ya sauya yadda za a sha ƙwayar, ya ƙara maganin sassauta ciki, ya ce a yawaita ruwa tsakanin abinci da abinci. Ya kafa sharaɗi: idan aka ga baƙin bayan gida, ko amai, ko ciwon ciki mai tsanani, ko suma, a ɗauke shi a ranar, kar a jira kowa. Maganar bayan gida kuma majo zai riƙa yi da shi, namiji da namiji. A ƙarshe ya ce, "Ki ja layi a kan alamomin da kika sa a takardar, kar ki goge su. Ki rubuta dalili a gefe."

Na ja layi a kan aikin wata uku da jan biro, majo yana kallo.

Saura wanda zai zama idona a rumfa. Da izinin Alhaji na kira Baba Habu na yi masa bayani. Dattijon nan ya riƙe baki ya ce, "Innalillahi! Ashe maganin maigida munka yi ta lashewa?" Ya so ya yi kuka. Daga ranar, idan ba ya kan hanya, shi ke zama kusa da Alhaji, ya tura masa gefen da ƙwai ya fi yawa, ya ƙirga lomarsa a zuci. Ƙwaya kuma a gabansa ake haɗiye ta. Idan zai yi tafiya ya bar wa malamin rumfar amana. Sauran direbobi sun yi ƙorafi kwana biyu, wai Hajiya ta mayar da su awaki, sai sun yi kiwo kafin a ba su tuwo. Amma farantin bai taɓa komawa da saura ba.

Makonni ukun nan ban ji daɗinsu ba. Kullum ina tunanin idan fa Dokta ya yi gaskiya tun farko, akwai abin da ke zuba a ciki, ni kuma na jawo jinkiri? Ko wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. A mako na biyu majo ya fito daga ɗakinsa bayan ya gana da Alhaji, ya ɗaga mini babban yatsa, na gane cikin Alhaji ya saki.

Ranar Larabar ƙarshe sakamako ya iso daga Ƙonni a cikin ambulan. Dokta ya buɗe, ya karanta, ya ɗauko na baya ya gwada. Jinin ya motsa sama. Ba da yawa ba, amma ya juyo. Ya duba idon Alhaji da tafin hannunsa, ya danna cikinsa, ya yi tambayoyinsa. Sannan ya ɗauki takardar Yamai ya sa a aljihun tebur, ya ce a ci gaba haka, a sake awo bayan wata guda. Alhaji ya ce, "Ba a yanka ni?" Dokta ya ce, "Ba yanzu ba, kuma in ka ci gaba da jin maganar Hajiya, ina fata ba za a yi ba." Alhaji ya ɗaga hannu sama yana hamdala, Hajiya tana dariya tana share ido. Ni kuwa na samu benci na zauna. Ba a taɓa fitar da takardar nan daga aljihun teburin ba.

Kar ku fita nan ku ce zogale ya warkar da Alhaji Ilya. Ƙwayar ce ta ɗaga jinin, ganyen ya buɗe mata hanya, kuma wanda aka yi wa irin wannan aiki yana tare da duka biyun har ƙarshen ransa. Abin da nake so ku riƙe daban ne. Mutanenmu ba su cika yi mana ƙarya ba. Hajiya ta faɗi abin da ta gani, kwano ya fita cike ya dawo babu komai. Alhaji bai ƙi lafiyarsa ba, rowa ce ya kasa yi, kunya kuma ta rufe masa baki. Takardun da ya zo da su daga waje an rubuta su ne don mutumin da ke cin abinci shi kaɗai a farantinsa, mu kuwa nan ba mu da irin wannan mutumin.

Tun daga lokacin na ƙara layi ɗaya a kowace takardar abinci da nake cikawa, ta babba ko ta yaro mai tamowa, kuma za ku gan shi a waɗanda na raba muku. Bayan "me aka dafa" da "nawa aka zuba", akwai inda aka rubuta "wa ya gani lokacin da ya ci". Idan wurin nan babu suna, kar ku sa hannu. Ku ɗauki jaka ku je da azahar.